Likita Mila Na Zariya (1872–1952)

An haifi Walter Miller, wanda Zazzagawa ke kira Likita Mila, a Ingila cikin 1872. Ya koyi aikin likita a Landan, Hausa kuwa a Tarabulus. A 1900 mishan ta CMS ta turo shi Kano tare da Bishop Tugwell, amma Sarki Alu ya sallame su. Bai karaya ba, ya zauna birnin Zariya a 1905, ya buɗe makaranta. Ƙauyen Kirista da suka kafa a Gimi kuwa, ciwon barci ya watsa shi. A 1929 mishan ta koma Wusasa, aka gina majami'ar St. Bartholomew. Da hannunsa a fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wadda ta fito a 1932. Ya rasu a 1952.