Florence Nightingale da Lissafin Matattun Asibitin Soja

Akawunan Dutsin-Ma da Kurfi waɗanda kan ƙosa da cika rajistar mutuwa, ga tarihin wata wadda ta ceci rayuka da irin wannan aiki.

An haifi Florence Nightingale a 1820, ɗiyar masu hali ce na Ingila, iyayenta kuwa ba su so ta shiga aikin jiyya ba. Cikin Nuwamba 1854, ana tsakiyar Yaƙin Kirimiya, ta isa asibitin sojan Ingila da ke Sukutari, ƙasar Turkiyya, tare da mata 38. Ta tarar majiyyata a cunkushe, magudanan ƙazanta sun toshe ƙarƙashin ginin. A hunturun farko soja fiye da 4,000 suka mutu, akasarinsu zazzaɓi da atuni da kwalara ne ajalinsu, ba harsashi ba. Sai da hukumar tsabta ta zo daga Landan a Maris 1855 ta yashe magudanan, sa'an nan mutuwa ta ragu.

An fi tuna ta da fitilar da takan zaga majiyyata da ita da dare. Mu kam alƙalaminta muka fi girmamawa. Da ta koma gida a 1856, ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr, suka bi adadin matattu wata bayan wata, har ta tabbata ƙazantar asibitin da ta yi wa hidima ita ta hallaka yawancinsu. Ba ta ɓoye wannan ba, ta matsa wa gwamnati har aka kafa kwamitin bincike a 1857.

Ta kafa makarantar jiyya a asibitin St Thomas a 1860. Ta rasu a 1910 tana da shekara 90.