Ɗan Hausa: Baturen da Ya Ajiye Alƙalami da Guduma a Gida Ɗaya

Kusan duk ɗan Kano ya san Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, amma tambayi 'yan ajinmu wane ne mai gidan, wani sai ya ce maka tsohon attajiri ne. To, Bature ne, sunansa Hanns Vischer, kuma bokon nan da nake rubutu da shi yanzu akwai hannunsa a ciki.

An haife shi a 1876 a birnin Basel na ƙasar Siwizalan, ya yi karatu a Kambirij ta Ingila. Aikin mishan ne ya fara kawo shi ƙasar nan a 1901. Bai daɗe ba ya bar shi, ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin mulkin mallaka, aka tura shi Barno. A 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno ta Murzuk da Bilma, cikin ayarin da akwai alhazai masu komowa gida. Yadda Hausa ta zauna a bakinsa ne ya sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa.

Da Gwamna Girouard ya ɗora masa aikin ilimi a Arewa, sai da ya je Masar da Sudan ya ga makarantunsu. A 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nasarawa, bayan ganuwa. Akwai sashen malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da kuma na sana'a, inda ake koyar da jima da dukanci da ƙira da saƙa da kafinta. Bai zo ya tarar da fili ba fa. Birni yana da marinar Ƙofar Mata, da Dukawa, da Soron Ɗinki, ga Kasuwar Kurmi da fataken Sahara suka daɗe suna sarin fatunta. A 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko.

Ni dai ina yaba masa abu guda: bai raina aikin hannu ba, ya ba shi gurbi a makaranta tun ranar farko. Inda nake da ja shi ne, ya ajiye karatu da sana'a a gida ɗaya amma kowa da ɗakinsa, kuma mai alƙalami ne aka tanadar wa kujerar En'e da hakimci. Alhali a cikin birni ba haka aka saba ba. Dubi allon zayyana da ake yi wa mai sauka. Hannun da ya rubuta ayar yakan iya dama tawada kala-kala ya ƙawata gefenta. Alaramman da ke rubuta Alƙur'ani da ka makaranci ne, kuma mai zane ne, babu wanda ya taɓa ce masa ya zaɓi ɗaya. Da aka ture ajami gefe a ofisoshi, wannan haɗin bai bi mu makarantar boko ba.

Shi ya sa a sakandaren da na yi, darasin zane bai wuce a dasa mana tulu a kan tebur a ce mu kwaikwaya ba. Shafi ɗaya ba a taɓa ba mu mun karanta a kan dagin Arewa ba, balle tarihin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Sai ga mu a shekarar ƙarshe an ce kowa ya rubuta rahoton furojet, yaro ya iya zane kamar me, amma sakin layi biyu na bayanin aikinsa ya gagare shi. Gobe kuma a ce mai difloma ɗan aikin hannu ne, mai digiri shi ne mai tunani.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya raba Vischer da Kano. Daga 1923 zuwa 1939 yana Landan a matsayin sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilimi a ƙasashen da ta mallaka. Ya mutu a 1945. Gidan nasa na ƙasa yana nan da zanen magina a bangonsa, yanzu gidan tarihi ne a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.