Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata

Mu mazauna Kurmi mun sani, goro ne ya kawo yawancin kakanninmu nan. Cikin fataken wancan zamani har da Alhassan Ɗantata, Ba'agale, haifaffen Bebeji a 1877. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya yi almajiranci, kana ya kama fatauci har Gwanja. Shi kam bai tsaya ga jakuna ba, jirgin ruwa ya riƙa loda wa goro zuwa Ikko. Da aka buɗe layin dogo na Kano a 1912, sai ya rungumi gyaɗa, Allah kuwa ya buɗa masa. Ya sauke farali, ya kai wasu ma. Da ajali ya matso, ya tara 'ya'yansa ya gargaɗe su kada su rarrabu. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Allah ya jiƙansa.