TAƘAITACCEN TARIHIN AGUSTIN NA HIPPO, MUTUMIN DA ALLAH YA JUYA ZUCIYARSA

A wannan biki na cikar ekklesiyarmu shekara 50 mun ga ya dace mu tuna da wani bawan Allah ɗan ƙasar Afirka, wanda masu zane suka saba zana shi riƙe da zuciya mai cin wuta a hannunsa. Sunansa Agustin. Tarihinsa yana koya mana abin da Littafi Mai Tsarki yake nufi da zuciya, wato wurin da tunani da nufi da ƙaunar mutum suke zaune. Hausawa sun ce zuciyar mutum birninsa. Wanda ya ci wannan birni, shi ne ya mallaki mutum.

An haifi Agustin ran 13 ga Nuwamba, shekara ta 354, a garin Tagaste, cikin ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu. Mahaifinsa Patrisiyus bai ba da gaskiya ba sai dab da mutuwarsa, amma mahaifiyarsa Monika mai bi ce ta ƙwarai, ita ce ta koya masa sunan Yesu tun yana ƙarami. Yaron ya tashi da kaifin basira. Yana da shekara 16, shi da abokansa suka shiga gonar wani maƙwabci da dare, suka kakkaɓe 'ya'yan itace, suka watsa wa aladu. Ba yunwa ce ta sa su ba, a gidansu ma akwai waɗanda suka fi waɗannan kyau. Da ya tsufa ya yi ta tunani a kan wannan dare, ya gane abin da ya so shi ne laifin kansa. Wannan ya yi daidai da koyarwar Ubangijinmu cikin Markus 7, cewa daga cikin zuciya mugunta take fitowa.

Daga nan aka aike shi karatu a birnin Kartaj, kusa da inda Tunis take a yau. Can ya ajiye mace ba aure, suka zauna tare wajen shekara 15, ta haifa masa ɗa mai suna Adiyodatus. Ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ga harshensa bai kai na littattafan masana daɗi ba, sai ya raina shi. Ya shiga addinin mabiya Mani, masu koyar da cewa mugunta wani iko ne dabam da yake aiki cikin mutum, saboda haka mutum ba shi da alhaki. Wannan koyarwa ta yi masa daɗi, gama ta ba shi dama ya yi zunubi ya ɗora wa wani. Shekara 9 ya yi a cikinta.

Duk wannan lokaci Monika tana kuka gaban Ubangiji dare da rana. Ta je wurin wani bishop ta roƙe shi ya yi wa ɗanta magana. Bishop ɗin ya ga yaron bai shirya ji ba tukuna, sai ya ce mata ta ci gaba da addu'a, ya kuma tabbatar mata ɗan da aka zubar wa hawaye haka ba zai hallaka ba. A shekara ta 383 Agustin ya ruɗi mahaifiyarsa a bakin teku, ya shiga jirgin ruwa da dare ya tafi Roma. Shekara ɗaya bayan haka ya sami babban aiki na koyar da fasahar magana a birnin Milan, inda fadar sarki take. Monika kuwa ba ta fid da zuciya ba, ta haye teku ta bi shi.

A Milan ya riƙa zuwa jin wa'azin Bishop Ambros, da nufin ya ga gwanintar bakinsa kawai. Sannu a hankali gaskiyar da ke cikin maganar ta shige shi, tambayoyinsa suka sami amsa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne babban darasi yake, 'yan'uwa. Kansa ya yarda, amma zuciyarsa ta ƙi. Tun yana saurayi ya taɓa roƙon Allah ya ba shi tsarki, amma yana so a jinkirta masa, domin yana tsoro kada a amsa da wuri. Aka raba shi da uwar ɗansa domin a yi masa aure na daraja, kafin auren ya zo sai ya sake ɗaukar wata mace. Ya iske nufi biyu suna kokawa a cikinsa, ɗaya yana son Allah, ɗaya yana riƙe da tsohuwar al'ada, iliminsa duka kuwa ya kāsa raba su.

A shekara ta 386, yana da shekara 31, wani baƙo ya ba shi labarin Antoni na Masar da waɗansu da suka bar kome suka bi Kristi. Kunya ta kama shi. Ya fita zuwa lambun gidan da yake zaune, ya fāɗi ƙarƙashin itacen ɓaure yana kuka. Sai ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita cewa a ɗauka a karanta. Ya koma inda abokinsa Alifiyus yake zaune, ya buɗe wasiƙun Bulus, idonsa ya fāɗa kan Romawa 13:13-14, inda manzo ya gargaɗe mu mu rabu da ayyukan duhu mu yafa Ubangiji Yesu Kristi. Bai karanta gaba ba. Nan take salama ta shiga zuciyarsa, shakka ta gudu. Suka shiga suka gaya wa Monika, makokinta ya zama farin ciki.

Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa da Alifiyus a daren Ista na shekara ta 387. Cikin wannan shekara, suna kan hanyar komowa gida, Monika ta rasu a Ostiya tana da shekara 56, bayan ta ga abin da ta roƙa. Agustin ya komo Afirka a 388. Ba da daɗewa ba ɗansa ma ya rasu. A shekara ta 391 jama'ar Hippo, garin da ake kira Annaba yanzu, suka kama shi cikin majami'a suka kai shi gaban Bishop Baleriyus domin a naɗa shi, shi kuwa yana hawaye. Bayan 'yan shekaru ya zama bishop, ya yi kiwon garken nan wajen shekara 35.

Ya rubuta littattafai masu yawa. Cikin wanda ake kira Furci ya tona asirin zunubansa gaban Allah da mutane, ya kuma koyar cewa Allah ya halicce mu domin kansa, don haka ba abin da zai kwantar da zuciya sai shi. Sa'ad da wani malami mai suna Pelajiyus ya koyar cewa mutum yana da ikon yin biyayya da ƙarfin kansa, Agustin ya tsaya ya yi tsayayya da shi, gama ya gwada wannan hanya ya kāsa. Ya riƙe alkawarin Ezekiyel 36:26 da Romawa 5:5, cewa Allah ne yake ba da sabuwar zuciya, Ruhu Mai Tsarki ne kuma yake zuba ƙauna a cikinta.

A shekara ta 430 mayaƙan Bandal suka kewaye Hippo da yaƙi, Agustin kuwa ya kwanta ciwo. Ya sa aka rubuta Zabura ta tuba aka manna a bango kusa da gadonsa, yana karantawa yana kuka. Ya rasu ran 28 ga Agusta, yana da shekara 75. Bai bar wasiyya ba, domin ba shi da dukiyar da zai bari.

'Yan'uwa, iyayenmu da suka kafa wannan ekklesiya sun bar mana gini da suna mai kyau, amma sabuwar zuciya ba a gadonta. Yana yiwuwa mutum ya haddace ayoyi, ya yi waƙa cikin ƙungiyar mawaƙa, ya ba da zakka, zuciyarsa kuwa tana jinkirta tuba kamar ta Agustin. Bari kowa ya bincike kansa a wannan rana. Ku kuma iyayenmu na Zumuntar Mata da kuke kuka saboda 'ya'yan da suka bauɗe, ku tuna da Monika, kada ku gaji.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai tsabta. Amin.