Taƙaitaccen Tarihin Leon Trotsky

A wannan fitowa na zaɓi in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin Leon Trotsky, wanda ya taimaka wajen kafa mulkin kwaminisanci a Rasha, mulkin kuma ya zama ajalinsa.

An haife shi a 1879 a wani ƙauye na Yukiren. Shi da Lenin ne manyan jagororin juyin juya halin 1917. Daga 1918 shi ya gina Jar Runduna, wadda ta ci yaƙin basasa.

Da Lenin ya mutu a 1924, sai rikicin gado ya ɓarke. Trotsky gwanin magana ne da rubutu, amma Stalin ne babban sakataren jam'iyya tun 1922, shi ke naɗa mutanensa a muƙamai. A ganina, da wannan ya kayar da Trotsky. Aka kore shi daga jam'iyya a 1927, daga ƙasar kuma a 1929. Ya yi gudun hijira a Turkiyya, Faransa, Norway, sannan Meziko, inda wani ɗan aiken Stalin ya sare shi a ka cikin Agustan 1940. Washegari ya cika.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.