Takaitaccen Tarihin Kyaftin Clapperton, Baƙon Sarkin Musulmi Bello

Manufar wannan 'yar takarda ita ce a waiwayi rayuwar wani sojan ruwa na Ingila wanda neman ilimi ya kawo shi ƙasar Hausa, ajali kuma ya tsare shi a Sakkwato.

An haifi Hugh Clapperton a garin Annan na ƙasar Sikotilan cikin shekarar 1788. Tun yana yaro ya shiga aikin jirgin ruwa, daga baya ya zama hafsa a rundunar sojan ruwa. Can ne ya ƙware wajen auna matsayin ƙasa ta hanyar duban rana da taurari. Bayan an gama yaƙin Nafoliyon a 1815, hafsoshi da yawa suka rasa abin yi, sai hukuma ta karkatar da wasunsu ga binciken ƙasashe. Ma'aikatar Yaƙi da Mulkin Mallaka ce ta ɗauki nauyin tafiyarsa tare da Likita Oudney da Manjo Denham, don su gano inda Kogin Kwara ya nufa.

Sun taso daga Tarabulus a 1822, suka ga Tafkin Chadi a 1823. Oudney ya mutu kusa da Katagum, shi kuwa Clapperton, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdullahi, ya wuce Kano, ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824. Waziri Giɗaɗo ne ya sauke shi. Nan ya tarar da malami a kan gadon mulki, domin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya duba kayan awonsa, ya tattauna da shi kan buruji da taurari, har aka zana masa taswirar kogin.

Da ya komo a 1826 ta hanyar Badagiri da Busa, cikin tsarabarsa akwai littafin lissafi na Iƙilidis da Larabci. Amma zamani ya riga ya juya, Sakkwato na yaƙi da Shehu Laminu na Barno. Saboda haka Bello ya hana shi wucewa da kyautar da ya ɗauko wa Barno, wadda ta haɗa da makamai. Ciwo ya kwantar da shi, ya mutu ran 13 ga Afrilu, 1827. Baransa Richard Lander ne ya binne shi, shi ne kuma ya bi Kwara har bakin teku a 1830.

A ƙarshe, ba a musun amfanin aikinsa, don littattafan tafiyarsa na 1826 da 1829 suna cikin madogaran masu nazarin tarihin daular. Sai dai hattarar Bello ba ta banza ba ce. Ilimin da soja ya biya kuɗinsa yakan koma hannun soja, kuma a 1903 'yan ƙasar baƙon nan suka shigo Sakkwato da bindiga.