Nana Asma'u: Malamar da ta mayar da malfar Inna alamar ilimi

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a shekarar 1793 a Degel da ke tsohuwar ƙasar Gobir. A gidansu ta haddace Alƙur'ani, ta zurfafa a fiƙihu da tauhidi. Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, don haka cikin yaƙi ta girma. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin yayanta Muhammadu Bello.

Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta bar ayyuka kusan 60. Sai dai a ganina, babban aikinta ya zo ne bayan rasuwar Bello a 1837.

A lokacin, sarakunan Katsina da jihadi ya kora sun kafa mulki a Maraɗi da Tasawa, na Gobir kuma a Tsibiri. Yaƙe-yaƙen da aka gwabza da su sun kawo ɗimbin mata ƙauyukan Sakkwato, da yawansu a matsayin bayi, kuma sun taho da borinsu. A Gobir, Inna ce shugabar bori, mace mai faɗa a ji wadda aka sani da malfa.

Asma'u ta ɗauki wannan malfa ta ɗora wa malamanta mata. Kowace ana kiranta jaji, a naɗa mata jan rawani a kan malfar, sannan ta riƙa jagorantar 'yan mata da dattijai daga ƙauye zuwa gidan Asma'u. A can suke haddace darussan tsarki da salla da zamantakewa cikin waƙa, su koma su koyar da matan aure da ba sa fita. Su ne 'Yan Taru.

Ba jami'a ba ce mai ba da takardar shaida, amma tsari ne na horar da malamai mata, tun kusan shekara 40 kafin Jami'ar Landan ta buɗe wa mata ƙofar digiri a 1878.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbaren Shehu da ke Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ce ta ci gaba da jagorantar 'Yan Taru. A yau, har a Amurka akwai mata Musulmi da suka kafa ƙungiyar karatu da wannan suna.